Muhawara kan asalin maganar nan ta “babu abincin rana na kyauta”

Malamar Adabi, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar zaure, iyayena da yayyena da ƙannena. Wata gardama ce ta haɗa ni da abokin aikina ranar Talatar da ta wuce, na ga ya dace in kawo ta gabanku, domin a cikinku akwai waɗanda suka riga mu karatu. Shi malamin tattalin arziki ne. Na shiga ajin da ya fita sai na tarar ya bar wata jimla a saman allo da manyan baƙaƙe, wadda ma'anarta ita ce babu wani abu wai shi abincin rana na kyauta, a ƙarƙashinta kuma ya rubuta sunan Milton Friedman, masanin tattalin arzikin nan ɗan Amurka. Da muka haɗu a ɗakin malamai na ce masa na san maganar, amma ba a bakin Friedman na san ta ba. A wani tsohon littafi na gan ta, wanda na saya shekarun baya wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da kasuwar Kejetia a nan Kumasi, bangonsa ya rabe, takardunsa sun yi ja, a shafin farko kuma akwai hatimin wani ɗakin karatu na Amurka da aka soke da biro. Sunansa The Moon Is a Harsh Mistress, na Robert Heinlein, ƙagaggen labarin kimiyya ne da ya fito a 1966, kuma kashi na uku na littafin gaba ɗayansa sunansa TANSTAAFL, wato haruffan farko na kalmomin jimlar “There ain't no such thing as a free lunch”. Abokin aikina ya yi dariya, ya ce yaya za a yi ƙa'idar tattalin arziki ta fito daga tatsuniyar mutanen da ke zaune a duniyar wata. Ni kuwa hujjata ita ce littafin da Friedman ya sa wa wannan jimla a matsayin suna sai a 1975 ya fito, shekara tara bayan na Heinlein. To wa ya aro daga wa?

Alhaji mai ritaya, Tafo

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ga laifin abokin aikinki, domin mu ma da sunan Friedman muka san wannan magana, kuma haka aka koya mana. Mutumin ya shekara talatin yana koyarwa a Jami'ar Chicago, ya karɓi lambar Nobel a 1976, littafin nan na 1975 kuwa yawancinsa tarin maƙalolin da yake rubutawa ne a mujallar Newsweek. Ni da kunnena na fara jin jimlar a ofis wajen 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar 'yan uwanmu da aka koro daga Najeriya, lokacin da gwamnatin Ghana ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki tare da asusun ba da lamuni na duniya. Duk sa'ad da aka janye wani tallafi, sai ka ji wani mai kwat ya jefa ta cikin taro kamar ya kawo aya, kowa ya yi shiru. Abin da ya sa nake ja da ke shi ne ban ga yadda masani irin wannan zai sa wa littafinsa suna da maganar da ya tsinta a littafin hira ba. Watakila ya daɗe yana faɗinta a aji tun kafin marubucin naki ya ji ta.

Ɗalibin kwamfuta, KNUST

Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Ina ganin da Malama da abokin aikinta duk sun yi kusa, amma babu wanda ya kai, domin maganar ta girmi littattafan biyu. Friedman da kansa bai taɓa cewa shi ya ƙirƙire ta ba, ya sha faɗin cewa yaɗa ta kawai ya yi. Heinlein ma ba shi ya fara dunƙule ta cikin haruffa ba, domin tun a 1949 an buga wani ɗan ƙaramin littafi a Amurka wanda marubucinsa ya sa hannu da sunan Pierre Dos Utt, kuma kalmar TANSTAAFL ce a kan bangonsa, shekara 17 kafin littafin da ke hannun Malama.

Idan aka ƙara komawa baya, a watan Yunin 1938 jaridar El Paso Herald-Post ta jihar Texas ta buga wata gajeriyar hikaya mai suna Economics in Eight Words, wato ilimin tattalin arziki cikin kalmomi takwas. Wani sarki ne ya tara masanansa ya ce su taƙaita masa iliminsu, suka kawo masa mujalladai jibgi, ya fusata ya sa aka kashe wasu, sauran suka rage tsawon rubutun amma bai gamsu ba, haka aka yi ta yi har ya rage saura tsoho guda, shi ne ya ce zai faɗa masa komai cikin kalmomi takwas, ya kawo wannan jimla. Akwai wani ɗan abu a nan da ya burge ni. Ku ƙirga haruffan TANSTAAFL za ku samu tara ne, ba takwas ba. Dalili kuwa shi ne jimlar 1938 ba ta da ƙaramar kalmar nan “a” kafin “free lunch”, daga baya ne ta shigo, ita ce ta ba da harafin A na biyu daga cikin biyun da ke jere kusa da ƙarshe. Wannan ya nuna cewa magana ce da ta yi ta yawo a bakin mutane tana sauya kama kafin ta zauna a siffar da muka sani.

Alhaji mai ritaya, Tafo

Ɗana, na karɓi gyara, Allah ya ƙara basira. Tun da mai ita ya ce ba tasa ba ce, ni wane ne da zan liƙa masa?

Malamar Adabi, Aboabo

Na gode, ƙanena, ka kayar da mu duka biyun, kodayake ni faɗuwata ta fi sauƙi. Amma yanzu wata tambayar ta taso. Me ya sa abincin rana? Me ya sa ba a ce babu riga ta kyauta ko babu gida na kyauta ba? Marubucin 1938 ya kawo ta a matsayin ƙarshen hikaya, yana sa ran mai karatu zai yi dariya nan take ba tare da an yi masa bayani ba, wanda ke nuna akwai wani abu da jama'ar wancan zamani suka sani game da abincin rana na kyauta wanda mu ba mu sani ba.

Kawu ɗan Alabar, daga Bronx

Malama, tambayarki ta faɗo inda nake da ɗan abin cewa, domin shekaruna a nan Amurka sun sa na bi diddigin wasu maganganunsu. Abincin rana na kyauta ba misali ba ne da wani ya zauna ya ƙaga, abu ne da aka yi shi a zahiri. A ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, gidajen giya a biranen Amurka sukan kafa allo a ƙofa cewa akwai abincin rana kyauta, sharaɗin kawai shi ne ka sayi abin sha ko da kofi guda. Allah ya tsare mu da irin waɗannan wurare, amma tarihin maganar a can yake, ba yadda za a kauce masa. Abincin da ake jerawa yawanci mai gishiri ne, kamar nama mai gishiri da cuku da busasshen biskit, domin ma'aikacin da ya shigo da niyyar kofi guda ya ji ƙishirwa ta kama shi ya nemi na biyu da na uku. Duk wanda ya taɓa cin tsire mai yaji da daddare a bakin titin Aboabo ya ga mai ruwan sanyi ya kafa tebur kusa da mai tsiren, ya san wannan lissafi.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Rudyard Kipling, marubucin nan na Ingila da aka haifa a Indiya, ya sauka a San Francisco a 1889 yana ɗan jarida mai shekara 23, kuma a cikin rubutun tafiyarsa da aka buga da sunan American Notes a 1891 ya ba da labarin yadda ya shiga wani ɗaki ya tarar da maza tsaye da huluna a ƙeya suna ta danna abinci daga kan kanta. Ya ce ka biya kuɗin abin sha ne kawai ka ci iya cikinka, har ya yi lissafi da kuɗin da ya saba da su, ya ce da abin da bai kai rupi guda ba a rana mutum zai ƙoshi a birnin ko da ya karye. A 1920 dokar haramta giya ta fara aiki a duk faɗin Amurka, gidajen suka rufe, sai a 1933 aka soke ta. Saboda haka a ganina mai karanta jarida a 1938, in dai ya haura shekara arba'in, ya taɓa ganin wannan allo da idonsa, ya kuma san wanda ke biyan kuɗin abincin. Shi ya sa ba a bukaci yi masa bayani ba.

Malamar Adabi, Aboabo

Kawu, wallahi ka buɗe mini wani shafi da na karanta sau biyu ban fahimce shi sosai ba. A cikin littafin, lokacin da mai ba da labarin, wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Mannie, yake fassara wa wani baƙo daga duniyarmu ma'anar kalmar, allon abincin kyauta ya nuna masa a ɗaya gefen ɗakin da suke zaune, ya ce masa ba don shi ba da abin da suke sha bai wuce rabin kuɗinsa ba. Ashe Heinlein, wanda aka haifa a jihar Missouri a 1907, ya san al'adar, ya ɗauke ta ya kai duniyar wata. Bai ma ɓoye inda ya samo ta ba, ni ce ban gane ba.

Duk da haka ina so in kare marubucina, domin in ya tabbata ba shi ya haifi maganar ba, shi ya yi mata gidan da ta zauna daram. Ku dubi inda ya ajiye ta. Labarin yana faruwa ne a 2075 da 2076. Duniyar wata ta zama wurin da ƙasashe ke jibge fursunoni da waɗanda aka kora, mutum wajen miliyan uku suna zaune cikin ramuka a ƙarƙashin ƙasa, kuma saboda nauyin jiki a can kashi ɗaya cikin shida ne na nan, wanda ya daɗe jikinsa kan sauya har ya kasa komowa, ko da wa'adinsa ya ƙare. A irin wannan wuri iskar da kake shaƙa ma saye ake yi, domin wani ne ya haƙo ƙanƙara, wani ya sarrafa ta, wani ya tura iskar cikin bututu. Mu a nan in muna so mu kwatanta abin da ba shi da kuɗi sai mu ce kamar iska. Shi kuwa ya gina duniyar da ko wannan misalin ba ya aiki a cikinta, ta yadda yaron da ya tashi a can ba sai malami ya rubuta masa jimlar a allo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun alkama. Mutanen wata suna nomanta a cikin ramukan, hukumar da ke mulkinsu tana saye a farashin da ita ta yanka, sannan a harbo ta zuwa duniyarmu da wata na'ura mai aiki kamar majaujawa, domin ciyar da ƙasashe masu yawan jama'a irin Indiya. Masu ci a nan suna ganin sun samu araha. Amma kowace ƙwayar alkama tana tafiya da ruwa da takin da suka raine ta, kuma babu abin da ke komawa. Wata kwamfuta mai hankali da suke kira Mike ita ta yi lissafi ta gaya musu cewa in aka ci gaba a haka, cikin shekara bakwai yunwa za ta haddasa tarzoma. Wannan lissafin ne ya tayar da tawayen, suka ayyana 'yancin kai ranar 4 ga Yulin 2076, shekara 300 cif bayan na Amurka, suka kuma sa TANSTAAFL a jikin tutarsu. A nan maganar ta tashi daga gargaɗin da ake yi wa mai kwaɗayi ta koma ƙarar da wanda ake ci da guminsa yake kaiwa. Littafin ya ci lambar Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya, a 1967, shekara biyu kafin ɗan Adam ya taka duniyar wata, kuma daga hannun masu karanta irin waɗannan labarai, waɗanda da yawansu injiniyoyi ne da ɗaliban kimiyya, kalmar ta bazu. Na kuma lura cewa shi ya bar ta da Turancin kan titi, da “ain't no” ɗinta wadda duk malamin nahawu zai ja wa jan biro, Friedman kuwa ya wanke ta ya sa mata kwat kafin ya ɗora ta a bangon littafinsa.

Alhaji mai ritaya, Tafo

'Yata, wannan bayani naki ya sa na ji kunyar kiran littafin na hira. Mai saye guda da ke yanka farashi, da manomin da ba shi da wata kasuwar da zai kai, ai duk manomin koko na Ahafo ko Sefwi zai gane labarin ba tare da an kai shi duniyar wata ba. Jikana ya duba mini ya ce an fara buga shi kashi-kashi ne a mujallar Worlds of If daga Disambar 1965 zuwa Afrilun 1966, wato yana tsakiyar fitowa aka kifar da gwamnatin Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu, ina ɗan makaranta a lokacin. Sai dai ina so a lura cewa yadda muka ji maganar a 1983 ba haka kika kawo ta ba. A bakin masu kwat ma'anarta ita ce talaka ya daina sa ran gwamnati za ta ba shi wani abu, a littafinki kuwa talakan ne ke faɗa wa mai mulki cewa arahar da yake ci wani ne ke biya. Jimla guda ce, amma ya danganta da wanda ya riƙe ta da wanda aka nuna da ita.

Hajiya mai hatsi, kasuwar Asawase

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni ban karanta ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba, 'yata ce ke karanta mini abin da kuke rubutawa, amma da Kawu ya kawo labarin gidajen nan sai na ce ai gyara suke nufi. Shekara talatin ina auna masara da gero da wake. Idan buhu ya iso daga Techiman ko Tamale, na san olonka nawa ke cikinsa, wato kwanon awonmu, kuma kafin in yanka farashi sai na cire kuɗin mota, da na masu sauke kaya, da tikitin kasuwa, da abin da ƙwari za su ci, sannan in ware awon da na san zai tafi a gyara. Mai saye ta zo, na cika mata olonka har yana zuba, ta ce Hajiya gyara fa, na ɗebo tafi guda na ƙara mata, ta tafi tana sa mini albarka. Ban cuce ta ba, amma tafin nan yana cikin lissafi tun kafin ta fito daga gida. Abin da nake so Kawu ya duba shi ne ba kowa ke neman gyara ba. Akwai mai kunya, akwai mai sauri, akwai namijin da matarsa ta aiko wanda ko kallon awon ba ya yi, kuma dukansu farashi ɗaya suke biya da mai bakin nema. Saboda haka mai nema ta ci kyauta da gaske, marasa nema ne suka biya mata. Ina jin karyayyen da Baturen nan ya ce zai ƙoshi da kuɗi kaɗan shi ma da gaske ya ci, masu kofi biyar ne suka ɗauki nauyinsa.

Kawu ɗan Alabar, daga Bronx

Hajiya, haka yake, ba ki bar komai ba. Masu gidajen ma sun san da irin waɗannan, har sukan sa ido a kan wanda ya cika cin abinci bai cika saye ba.

Malam na Sabon Zango

Assalamu alaikum. Na bi muhawarar tun farkonta, kuma game da tarihi ba ni da abin ƙarawa. Inda nake da damuwa shi ne a rubuta wa yara wannan jimla a allo a matsayin gaskiyar da ba ta da togiya. A cikin Suratul Insan, aya ta 8 da ta 9, Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme alhali su ma suna son abincin, suna cewa muna ciyar da ku ne don Allah kawai, ba ma neman sakamako ko godiya daga gare ku. Kowane azumi a unguwannin nan ana fito da koko da ƙosai ƙofar masallaci, baƙon da ya sauka daga mota yanzu ya zauna ya sha, ba a tambayi sunansa ba, ba a kuma sa masa gishiri don ya sayi wani abu ba. Idan yaro ya haddace cewa duk abin da aka ba shi akwai ƙugiya a ciki, mun koya masa zargin mai alheri, kuma wannan hasara ce babba. Maganar da aka haifa a gidan giya ta dace da gidan giya, amma ba kowace ƙofa ce irin wannan ba.

Ɗalibin kwamfuta, KNUST

Allah ya gafarta Malam, ina ganin bayanin Hajiya ya riga ya share hanyar amsa. Jimlar tana ɗauke da da'awa biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce mai ci shi zai biya ta bayan gida, wannan ita ce ta gidajen da Kawu ya kwatanta, kuma Malam ya yi gaskiya cewa ba ta hau kan sadaka ba. Ta biyu ita ce ko mai ci bai biya ba, abincin bai faɗo daga sama ba, wani ya sayi geron, wata ta tashi da asuba ta dama, kuma kuɗin da lokacin da suka tafi nan ba za su tafi wani wuri ba. Wannan ta biyun ita masana tattalin arziki ke nufi, kuma ayar da Malam ya kawo ma ta ambaci cewa masu bayarwar suna son abin da suka bayar, wato akwai abin da suka rasa. Da wannan ma'anar ce maganar ta shiga wasu fannonin. Masanin muhalli Barry Commoner ya sa ta a matsayin ta huɗu cikin dokokinsa huɗu na muhalli a littafinsa The Closing Circle na 1971, wato duk abin da aka ciro daga ƙasa akwai ranar biyansa, kuma wanda ya ga launin kogin Offin ko Pra a 'yan shekarun nan saboda haƙar zinariya ba ya bukatar ƙarin bayani. Mu ma a fanninmu akwai wasu ƙa'idoji da David Wolpert da William Macready suka wallafa a 1997 da wannan suna, waɗanda suka nuna cewa idan aka haɗa dukkan matsalolin da za su iya kasancewa, babu wata dabarar nemo mafita da ta fi sauran, abin da ta ci a wani wuri za ta biya shi a wani.

Malam na Sabon Zango

Madalla, ɗana. In dai ta biyun ake nufi ba ni da ja, sai dai malamin ya bayyana wa yaran wacce yake nufi. Kuma in za a mayar da ita Hausa, ina roƙon a bar kalmar kyauta a gefe, domin kyauta a wurinmu abin yabo ce, ba a so a ce babu ita.

Alhaji mai ritaya, Tafo

To ai ba sai mun wahala ba, kakanninmu sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga zomo a kan tebur, wani ya sha rana da ƙaya a daji.

Kawu ɗan Alabar, daga Bronx

Alhaji, taka ta dace da ma'ana ta biyu. Ta gidajen giyar kuwa ina ganin wadda ta fi kusa da ita ita ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, domin a can da zarar ka miƙa hannu cikin faranti ka ɗaure kanka. Samarinmu na nan kuma cewa suke yi ba a cin bulus, wadda ta fi gajarta duka.

Hajiya mai hatsi, kasuwar Asawase

Ni duk ba su gamsar da ni ba, domin maganar Bature a kan abinci take, abincin da aka zuba aka ajiye maka a gaba. In ni ce zan ce babu tuwon banza, kowa a kasuwa zai gane.

Malamar Adabi, Aboabo

Hajiya, da farko na so in ce taki tana da matsala, domin tuwon banza yana iya nufin wanda ba a biya ba, yana kuma iya nufin wanda ba shi da kyau. Sai na koma shafin da Mannie ke yi wa baƙon bayani, na tarar ya ƙara da cewa abin da aka ce kyauta ne, ko dai a ƙarshe ya ci ninkin kuɗinsa ko kuma ya zama marar amfani. Kalmar banza ta ɗauki duka biyun a lokaci guda, abin da kalmar Turancin ba ta yi ba sai da ya ƙara jimla. Da taki zan shiga aji.

Na nuna wa abokin aikina duk abin da kuka rubuta yau da safe. Ya goge sunan Friedman daga ƙarƙashin jimlar, ya rubuta shekaru huɗu a jere, 1891 da 1938 da 1966 da 1975, ya ce wa ɗaliban kowa ya nemo abin da ya faru da maganar a kowace shekara kafin Litinin. Ya kuma nemi aron littafin, amma Baba Alhaji ya riga shi ta wayar jikansa, saboda haka shi zan fara kai wa Tafo ranar Asabar bayan la'asar in Allah ya yarda. Baba, a yi haƙuri da shi, zaren ɗinkin ya saki daga tsakiya, na ɗaure shi da roba, kuma wanda ya mallake shi kafin ni ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan duk maganar da wani farfesa da ke cikin labarin ya yi.